"Sista, Me Aka Samu?"

Shekara da shekaru ina karɓar haihuwa, amma har yau akwai tambayar da ke sosa mini rai. Mace ta sha naƙuda tun magariba har asuba, ko mabiyiya ba ta faɗo ba, sai ta ɗago kai ta ce, "Sista, me aka samu?" Wata da na karɓa kwanakin baya, haihuwarta ta biyar ke nan. Da na ce mata mace ce, lafiyayya, kilo 3 da rabi, sai ta juya fuska ga bango, hawaye na gangarowa har cikin kunnenta. Ashe an gaya mata a gida, in ta ƙara haifar mace ta haɗa kayanta.

Wannan zalunci ne, kuma tushensa rashin sani.

Ƙwayoyin halittar jikinmu na ɗauke da wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga cikinsu ne ke da alhakin jinsi. Na mace X da X ne, na namiji X da Y. Don haka duk ƙwan da mace ta saki, X yake ɗauke da shi, ba ta da wani abin bayarwa sai shi. Maniyyi kuwa ƙwayoyinsa miliyoyi ne, kusan rabi masu X, rabi masu Y. In mai X ya riga shiga ƙwan, mace za a haifa. In mai Y ne, namiji. Bambancin daga wajen miji yake zuwa. Shi ma ɗin ba shi da ikon zaɓar wanda zai riga isa, don haka ban ce a koma zarginsa ba.

Ba sabon ilimi ba ne. Tun 1905 wata masaniya 'yar Amurka, Nettie Stevens, ta gano haka a binciken da ta yi kan wasu ƙwari, kuma a 1990 aka gano ɗan yankin da ke kan Y wanda ke sa tayi ya zama namiji.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa masu ciki wai don "a juya ciki" ya koma namiji. Jinsi ya riga ya tabbata tun lokacin da maniyyi ya haɗu da ƙwai, kafin ma mace ta san ta yi ɓatan wata. Sikanin da ke nuna shi a wajen mako na 18 zuwa 20 gani kawai yake yi. Babu saiwa ko ƙwayar da ke canja shi, amma akwai masu jawo zubar jini da ɓari, kuma mu ake kawo wa su tsakar dare, zane jina-jina. Tsinin ciki da faɗinsa, ko kwaɗayin tsami, duk ba sa nuna komai game da jinsi.

Ga kuma addini. Larabawan jahiliyya wasunsu binne 'ya'ya mata suke yi da rai, Alƙur'ani ya yi tir da haka a Suratut Takwir. Manzon Allah (SAW) 'ya'yansa maza duk sun rasu suna ƙanana, zuriyarsa ta hanyar Nana Fadima ta ci gaba.

Ranar da matar nan ta yi haihuwarta ta biyar, da na fito daga ɗakin haihuwa, na tarar da uwar mijin a kan benci, ta haɗe rai. Na durƙusa na gaishe ta, na juya bayan katin awo na zana mata X da Y da biro. Na ce, "Hajiya, wanda ya shuka gero ba ya zuwa gona neman dawa. Gonar ba ta da laifi." Ta daɗe tana kallon katin ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "To, 'yata, a ba mai jegon kunu tukuna, ga shi nan cikin fulas."