Ɗorawa: Uwar Daddawa

'Yan'uwa ɗalibai, da yawa daga cikinmu muna shan miyar kuka kullum, amma ba mu taɓa tambayar inda daddawar cikinta ta fito ba. Daga ɗorawa take.

Ɗorawa itaciya ce ta dangin wake da gyaɗa, shi ya sa 'ya'yanta ke zuwa cikin dogayen kwasfa. Masana tsirrai suna kiranta Parkia biglobosa, don tunawa da Mungo Park, Baturen nan da ya mutu a Bussa a 1806. Da rani take fitar da jajayen furanni masu kama da ƙwallo. Da dare jemagu ke zuwa shan ruwan zaƙinsu, a nan ne suke yi mata barbara. Kafin damina ta kankama 'ya'yan sun nuna.

In ka ɓare kwasfar za ka tarar da gari rawaya mai zaƙi. Ana shan sa haka, ana kuma dama shi da ruwa. Yana nuna ne lokacin da rumbuna suka fara yin ƙasa, don haka ya sha rufa wa magidanta asiri.

Amma babbar dukiyar ita ce kalwa, wato ƙwayar da ke cikin garin. Aikin daddawa ba na raggo ba ne. Sai an wuni ana dafa kalwa, a sussuka ta a turmi, a wanke ɓawon, a sake dafawa, sannan a lulluɓe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. A nan wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke ruɓar da ita, ta yi laushi, ta fitar da warin da muka sani. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a shanya. Yarbawa na kiranta iru, a Mali kuwa sumbala. Masu toshe hanci su sani, daddawa tana ɗauke da sinadarin gina jiki mai yawa, abin da ɗunƙulen kanti ba zai ba su ba.

Ko kwasfar ba a yar da ita. Ruwanta ne makuba, wadda ake yayyafa wa daɓe don ya yi ƙwari.

Yau masu gawayi da masu itacen girki suna kayar da ɗorawa cikin yini guda, alhali sai ta shekara da yawa kafin ta fara 'ya'ya. Kalwa ta yi tsada, har mata da dama sun koma yin daddawa da waken suya.