Ziyarar Wuraren Tarihi Tare da Ƙananan Yara

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya karanta labarin ganuwar Kano a littafin makaranta yana iya mantawa kafin hutu ya ƙare, amma wanda ubansa ya tsayar da shi gindinta, ya ɗaga kai ya dubi tsawonta, da wuya ya manta har tsufansa. Saboda haka ya kyautu kowane magidanci mai hali ya keɓe 'yan kwanaki a lokacin hutu, ya ɗauki iyalinsa a mota su ga abin da kakanni suka bari.

Inda Za a Nufa

Mai farawa daga Kano sai ya soma da Dutsen Dala, inda mutanen farko suka zauna, daga nan a gangara Gidan Makama, ginin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ganuwar kuwa, tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta, wajen shekara 900 da suka wuce.

Idan an bar Kano, ana iya nufar Jos. Gidan kayan tarihi na can an buɗe shi a 1952, kuma yana ɗauke da siffofin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Shekarunsu sun haura 2,000. A nan yaro zai gane cewa tun kafin zuwan Turawa da nisa akwai gwanayen sana'a a ƙasarsa.

Wanda ke da ƙarin kwanaki ya yi kudu. A Lakwaja yara za su ga inda Kwara da Binuwai suka haɗu. A garin Esie na Jihar Kwara akwai gidan kayan tarihi na farko a Nijeriya, wanda aka buɗe a 1945, cike da ɗaruruwan siffofin dutse. Ɗan Arewa da ya ga waɗannan, da ɗan Kudu da ya ga Dala, kowannensu zai daina raina ɗan'uwansa.

Yadda Za a Shirya

Ƙarfin yaro shi ne ma'aunin tafiyar, ba na babba ba. Wuri ɗaya ko biyu sun isa a yini. A duba lafiyar mota, a tambayi halin da hanya ke ciki, a tashi da sassafe, kada a yi tafiyar dare. A riƙe ruwan sha mai tsabta da guzuri. Tun a gida a ba yara labarin wurin kamar tatsuniya, domin idan sun isa su ji kamar sun san shi. In sun yi tambaya a amsa, in ba a sani ba a nemi ma'aikacin wurin.

Amanar Kayan Tarihi

Yawancin ganuwar Kano ta zube, saboda ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gini a kanta. Siffofin Nok masu yawa an haƙe su a ɓoye an sayar ƙasashen waje. Tun 1979 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi, doka kuma ta hana fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba. Amma hukuma kaɗai ba za ta iya tsaronsu ba. Wajibi ne iyaye su hana yara rubutu a bango, ko ɓantarar wani abu, ko zubar da shara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi girmama ganuwa yau, ba shi ne zai rushe ta gobe ba.