HASKEN FITILAR A-KORI-KURA: DARASI GA MASU TUƘIN DARE NA BAGAMA DA KEWAYEN SULEJA

Gabatarwa

Tun daga 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Neja aka kuma yanke shawarar gina Babban Birnin Tarayya, garin Suleja ya zama mararrabar matafiya. Shi ne ya ba sabon birnin sunansa na dā, watau Abuja, ya ɗauki sabon suna daga na Sarki Sulaimanu Barau. Ga hanyar Kaduna zuwa Abuja ta bi ta gefensa, ga kuma hanyar Minna mai tsawon kimanin kilomita 100. Mutanen Bagama da sauran unguwanni masu a-kori-kura sun san waɗannan hanyoyi sarai, domin a kansu suke ɗauko doya da hatsi da gawayi daga Lambata da Dikko, su kai Madalla ko Zuba. Yawancin wannan zirga-zirga kuwa da asuba ake yin ta, ko bayan magariba.

Da yawa daga cikin direbobi suna kukan cewa fitilunsu ba sa haska musu hanya sosai. Sai mutum ya shiga kasuwa ya sayo ƙwan fitila mafi ƙarfi ya sa, yana zaton ya yi maganin abin. Sau da yawa bai ƙara wa kansa gani ba, ya dai ƙara makantar da 'yan'uwansa. An shirya wannan darasi ne domin a nuna wa mai mota yadda zai ƙara hasken fitilarsa ta hanyar da ta dace, mataki bayan mataki, daga mai araha zuwa mai tsada.

1. Me ya sa haske ya zama batun rai da mutuwa?

Bari mu yi ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 cikin awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu, ya gane shi, ya ɗora ƙafa a kan burki, yakan ɗauki kamar daƙiƙa ɗaya da rabi. Watau mota ta riga ta ci mita 33. Daga nan burki zai buƙaci wajen mita 35 a busasshiyar kwalta kafin ta tsaya cik. Jimla, kusan mita 70 ke nan. Idan gudun kilomita 100 ne, abin ya kusa mita 100. Idan kuwa kilomita 60 ne, mita 45 ta isa. Mota mai lodi ko mai suɗaɗɗiyar taya takan wuce haka.

To, ƙaramar wuta, wadda direbobi ke kira dim, ko da tana da lafiya ba ta cika haska fiye da mita 50 zuwa 70 ba. Mutum mai baƙaƙen tufafi, ko saniya, ko tirelar da ta lalace aka bar ta ba alama, ba a ganinsu sai an matso fiye da haka. Ma'anar wannan ita ce, duk wanda ke gudun kilomita 100 da dim ya riga haskensa gaba: abin da zai gani, ba zai iya tsayawa kafin ya kai gare shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1.19 a kowace shekara. Kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wani ne, ko uban wani.

2. Sanin fitilar kanta

Fitilar mota sassa uku gare ta. Akwai ƙwai, wanda ke ba da haske. Akwai kwano mai ƙyalli kamar madubi a bayansa, wanda ke tattara hasken ya tura shi gaba. Akwai kuma gilashin fuska. Masu ƙera fitila sun auna kwanon daidai da inda zaren ƙwan yake zaune. In tushen hasken ya gusa ko da milimita ɗaya ko biyu ne, hasken sai ya watse inda ba a so.

Ƙwan da ya fi yawa cikin a-kori-kura shi ne halojin. An fara sa shi a motocin Turai a 1962, sa'an nan a 1971 aka fito da samfurin H4 mai zare biyu, ɗaya na dim mai wat 55, ɗaya na babbar wuta, watau ful, mai wat 60. Daga baya aka sami fitilar zenon a 1991, sa'an nan fitilar LED ta shigo motoci a 2007. Kowace irin fitila da irin kwanon da aka ƙera mata.

3. Mataki na farko: tsabta

Tsofaffin a-kori-kura, irin su Peugeot 404 da 504 da muka saba da su tun bayan buɗe masana'antar haɗa motoci ta Kaduna a 1975, fuskar fitilarsu gilashi ce ta ainihi. Motocin yanzu kuwa, kamar Hilux, fuskarsu ta roba ce mai ƙarfi, wadda zafin rana ke mayar da ita rawaya, ta dushe. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilu a 2018, ta tarar wadda ta dushe ƙwarai tana ba da kashi 22 cikin 100 kawai na hasken sabuwa. Ka ga ke nan mai irin wannan fitila ya yi asarar fiye da kashi uku cikin huɗu na haskensa, alhali ƙwansa lafiya lau.

Maganin abin shi ne a goge fuskar da lallausar sanfefa da ruwa, a bi ta da man gogewa, sa'an nan a shafa mata maganin kariya daga rana, in ba haka ba za ta sake dushewa cikin 'yan watanni. In kwanon ciki ne ya yi tsatsa ko ruwa ya shige shi, gogewa ba ta da amfani, sai dai a sake fitilar ɗungum. Kada kuma a manta da gilashin gaba na mota, ciki da waje. Gilashi mai ƙura ko maiƙo yakan watsa hasken motar da ke tahowa ya cika idon direba.

4. Mataki na biyu: wutar da ke isa ga ƙwai

Ƙwan halojin ba ya jure ƙarancin wuta. In ƙarfin lantarkin da ke isa gare shi ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa zai ragu da kusan kashi 30 cikin 100. A tsohuwar mota, wuta takan zube a hanya saboda siraran wayoyi, da mahaɗai masu tsatsa, da makunnin da ya gaji, da kuma wayar da ke haɗe da jikin mota in ta yi sako-sako.

Ka kai motarka wurin mai wayarin da ya san aikinsa. Ya tayar da inji, ya kunna fitila, ya auna wuta a kan batir, inda ya kamata a sami wajen bolt 14, sa'an nan ya auna a bakin ƙwai. In bambancin ya wuce rabin bolt, akwai gyara. Ya kankare mahaɗai, ya ɗaure waya. In ya kama, ya ja sababbin wayoyi masu kauri kai tsaye daga batir ta hanyar rile, tare da fis daidai da ƙarfinsu. Lalle ne a sa fis. Wayar da ba ta da fis, ko wadda aka naɗa wa guntun ƙarfe maimakon fis, ita ce ke cinna wa mota wuta.

5. Mataki na uku: saiti

Wannan shi ne gyaran da ya fi kowanne amfani, kuma ba ya cin kwabo. Ga yadda ake yi:

(a) A nemi wuri shimfiɗaɗɗe gaban bango, bayan faɗuwar rana. A tabbata iskar tayu daidai take.

(b) A matso da mota daf da bango, a yi alama da alli ko gawayi daidai tsakiyar kowace fitila.

(c) A ja da baya miƙe har mita 10, a kunna dim, direba yana zaune a mazauninsa.

(d) Layin saman hasken ya kamata ya sauka santimita 10 ƙasa da alamar, watau saukar kashi 1 cikin 100. Wasu fitilu an rubuta nasu ma'aunin a jikinsu, kamar 1.2%, sai a bi wannan.

(e) A tare fitila ɗaya da kwali, a juya kusoshin saitin ɗayar har ta zauna daidai, sa'an nan a koma kan ta biyun.

Akwai abin lura biyu. Na farko, tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Saboda haka fitilar da ta dace da mu ita ce wadda haskenta ke ɗagawa ta dama domin ya haska gefen hanya, ya kwanta ta hagu domin ya kauce wa idon mai tahowa. Fitilar da aka ciro daga motar Japan ko Ingila, inda ake tuƙi a hannun hagu, akasin haka take yi, kuma saiti ba ya gyara ta. Ka duba wannan a bango kafin ka biya kuɗin fitilar gwanjo.

Na biyu shi ne lodi. Tsakanin tayun gaba da na baya na a-kori-kura akwai kimanin mita 3. In buhuna suka danne baya da santimita 6 kawai, hancin mota ya ɗaga da kashi 2 cikin 100. Hasken da ke kallon ƙasa ya koma kallon sama ke nan, ya bar kwalta ya shiga idon jama'a. Motar da ke da ɗan majuyi mai lamba 0 zuwa 3 kusa da sitiyari, don wannan aka yi shi: a ƙara lamba gwargwadon nauyin kaya. Wadda ba ta da shi, a yi mata saiti da irin lodin da ta saba ɗauka.

6. Mataki na huɗu: sauya ƙwai

Sai bayan an gama waɗancan uku ne za a yi maganar saye. Ƙwan halojin yakan rage haske in ya tsufa, tun kafin ya mutu. A sake su biyu lokaci guda, a sayi samfurin da aka rubuta wa motar, mai alamar inganci ta harafin E da lamba cikin da'ira. Kada a taɓa gilashin ƙwan da yatsa, domin maiƙon hannu yana rage masa kwana.

A guji ƙwai mai wat 100. Yana jan fiye da amfiya 8, alhali an shirya wayar don wajen amfiya 5. Ƙarshensa ya narkar da mahaɗi, ya ƙone kwano. A guji ƙwai mai shuɗin fenti, domin fentin tare haske yake yi. A kuma yi hattara da cusa ƙwan LED ko na zenon cikin kwanon halojin. Yakan yi fari fat a gaban mota har mai shi ya yi murna, amma da yake tushen haskensa ba a mazaunin zare yake ba, sau da yawa layin saiti yakan ɓace, hasken ya watsu sama. Saboda wannan ne a Ingila, tun 2021, motar da aka yi wa irin wannan sauyi ba ta cin jarrabawar lafiyar mota ta shekara-shekara. Wanda ke son LED, hanya mafi aminci ita ce ya sayi fitila sukutum wadda aka ƙera don LED kuma don irin motarsa, ya kai ta bango ya gwada. Araha ba ta ado.

Dogayen fitilun nan da ake ɗaurawa a kan rufi ko a kan bamba an yi su ne don daji da hanyar gona. Ba su da layin saiti ko kaɗan. A yi musu makunni na dabam, a kashe su da zarar an hau titin jama'a.

7. Ladabin amfani da haske

A ƙasarmu duhu ba ya jinkiri bayan faɗuwar rana, don haka a kunna fitila tun da sauran haske. A koma dim da zarar an hango mai tahowa, ko an biyo bayan wata mota, ko an shigo gari. In wani ya dalle ka da ful, kada ka rama, domin makafi biyu ne za su haɗu a kan hanya ɗaya. Ka rage gudu, ka mai da idonka gefen dama na titi har ya wuce. Lokacin hazon hunturu ko ruwan sama mai ƙarfi, dim ta fi ful amfani, saboda ƙura da ɗigon ruwa suna maido da hasken ful cikin idon mai shi. Kada a fita da fitila ɗaya, domin mai tahowa zai ɗauka babur ne, ya matso ya yi karo da ɓarin da ba ya gani. A riƙa ajiye ƙwai da fis na ko-ta-kwana cikin mota.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa tuƙi da fitila marar lafiya cikin laifuffukan hanya. In haɗari ya auku, lambar kiranta ta gaggawa ita ce 122.

Kammalawa

Tsabta, wuta, saiti, sa'an nan saye: wannan shi ne jerin, kada a juya shi. Muna roƙon shugabannin tashoshin mota na Suleja su ware bango ɗaya a kowace tasha, su ja masa layi, domin kowane direba ya riƙa auna fitilarsa ko da sau ɗaya ne a wata. Kai kuma direba, ka tuna cewa wanda ke tahowa ta ɗaya hannun yana da iyali da ke jiransa, kamar yadda naka ke jiranka a Bagama. Ka yi gudu daidai da nisan ganinka. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

A sauka lafiya.