Yadda ake zaɓen kayan kwamfutar wasa da kuɗi kaɗan

Matashin da ke son buga EA Sports FC ko GTA V ba tare da hoto yana sarƙewa ba, ga shi kuma aljihu ba nauyi, ya fara kasa kuɗinsa tun a gida kafin ya nufi Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja. Kaso mafi tsoka na katin hoto ne, domin shi ke shan wahalar wasa.

Radeon RX 6600 mai gigabayit 8, wanda ya fito a 2021, yana jan yawancin wasanni lafiya lau a kan allon 1080p, kuma wutar da yake ci ba ta wuce wat 132 ba. Idan na hannu za a saya, kada a biya sai an jona shi a shago an sa masa manhajar gwaji ta FurMark na ɗan lokaci, ana duba zafinsa, ana sauraron fankarsa. Da yawa daga irin waɗannan katuna sun kwana sun wuni suna haƙar kirifto kafin su iso kanti. Mai shagon da ya ƙi gwaji, a bar masa kayansa.

Sai furosesa da madabod, waɗanda tare ake zaɓensu. Ryzen 5 5600 yana zama a soket AM4, kan madabod irin B550. Idan B450 aka samu da araha, a tambaya ko an sabunta masa BIOS. Na Intel kuwa, Core i5-12400F soket LGA1700 yake bukata. Dukansu biyun ba sa fitar da hoto sai da kati. Shafin PCPartPicker yana nuna wa mutum kayan da ba za su zauna tare ba.

RAM gigabayit 16 ya wadatar, amma a sayi sanda biyu masu takwas-takwas, sun fi guda ɗaya sauri. AM4 kuma DDR4 kaɗai yake karɓa. A haɗa da SSD mai terabayit ɗaya, tunda wasa guda kan cinye fiye da gigabayit 100.

Inda masu haɗawa suka fi yin ganganci shi ne PSU, akwatin da ke raba wa kowane sashe wuta. Araha ba ta ado a nan: maras suna idan ya ƙone yana iya tafiya da katin da aka tara wa kuɗi wata da watanni. A nemi mai wat 550 zuwa 650, mai tambarin 80 Plus Bronze, daga kamfani irin Corsair ko Seasonic. A ƙasar da ake ɗauke wuta babu sallama, a koma janareta, UPS ma yana cikin lissafi tun farko.

Akwatin kwamfutar kansa ba sai mai fitilu ba. Mai raga a gaba da fanka biyu ko uku ya fi dacewa da zafin bazara, da matatar ƙura da za a riƙa cirewa ana kakkaɓewa duk mako a lokacin hunturu.