Haƙƙin Mai Fasaha da Haƙƙin Mai Saye

Duk wanda ya ratsa wajen masu waya a Kasuwar Jalingo ya san cinikin turi. Matashi na zaune gaban kwamfuta, igiyoyin caji sun cika teburi, jama'a na miƙo memori ana loda musu finafinan Kannywood da waƙoƙi. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma sau da yawa ko sisi ba ya isa hannun wanda ya shirya fim ɗin. Irin wannan turi na cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifan CD, wadda Ƙofar Wambai ta Kano ta yi suna a kanta.

Da masu fasaha suka ga haka, sai suka koma intanet, inda kamfanoni ke ɗaura wa kaya kwaɗon dijital. Shi ne dalilin da ya sa bidiyon da aka sauke a cikin manhajar YouTube ba ya turuwa ta Xender, fim ɗin da aka ajiye a Netflix yake da wa'adi, dikodar GOtv ko StarTimes kuma take rufe tashoshi da zarar kuɗin wata ya ƙare.

To, a nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido. Wanda ya sayi kaset a da, nasa ne: ya ara wa maƙwabci, ya sayar, ko ya bar wa magada. Wanda ya biya a manhaja kuwa, galibi izinin kallo kawai ya saya. A 2009 kamfanin Amazon ya goge littafin 1984 na George Orwell daga na'urorin Kindle na mutanen da suka riga suka biya, ya mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe shagonsa na littattafan dijital, littattafan da aka saya suka daina buɗuwa.

Me dokar Najeriya ta ce? A ranar 17 ga Maris, 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988. Ta haramta kwafar aikin wani don sayarwa ba da izininsa ba, ta haramta fasa kwaɗon dijital da cinikin kayan fasa shi. Haƙƙin marubuci yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa, na fim kuwa shekara 50 ne daga fitowarsa. Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya (NCC) ce ke kula da aiwatar da dokar.

Amma dokar ba ta manta da talaka ba. Ta halatta amfani da aiki daidai gwargwado don karatun kai, bincike, sharhi da ba da labari. Ɗalibar Jami'ar Jihar Taraba da ta ɗebi 'yan shafuka don nazarinta ba ɗaya take da mai buga littafin gaba ɗaya ya baza a kasuwa ba. Dokar ta kuma yarda a mayar da littafi zuwa rubutun makafi ko murya, bisa Yarjejeniyar Marrakesh da Najeriya ta amince da ita a 2017. Sharaɗin kamfani da ya nemi hana abin da dokar ta halatta, ba shi da ƙarfi. Ban da wannan, dokar kare masu saye ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafin wanda aka sayar wa abin da ba shi aka yi masa alkawari ba.

Saboda haka, kafin mutum ya biya, ya tambaya: saye ne ko haya? Waya nawa zai buɗe a kai? Yaushe zai ƙare? Ya ajiye rasiti ko saƙon banki. Masu turi kuma su nemi izinin masu fim kafin su loda wa kowa.