Darasin Wannan Wata: Gurasar Kasko Daga Hatsin Rumbunmu

Wannan darasi na zumuntar mata ne, da matasa, har da iyaye maza. A karanta shi a taro, sa'an nan a hura wuta a gwada.

Manufar Darasi

Mu koyi gasa gurasa iri uku da gero, dawa da masara, ba fulawa, ba tanderu, ba yisti na kanti.

Gabatarwa

A zagayen da muke yi a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, kukan iyaye mata ɗaya ne: abin da yara za su ci kafin su tafi makaranta. In babu ɗumame, sai a nemi kuɗin burodi. Gida mai yara shida kuwa, burodi nawa zai ishe shi?

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da ake yin fulawa da ita a Nijeriya daga waje ake sayo ta. Shi ya sa da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, ƙasashe biyu manyan masu sayar da alkama, farashin fulawa ya hau. Cire tallafin man fetur a 2023 ya ƙara kuɗin dako a kai. Manyanmu ba su manta da 1987 ba, lokacin da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, burodi ya yi wuya. Hausawa suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Guntun gatarinmu shi ne hatsin da ke rumbu.

Wace Ce Gurasa?

Mun san gurasar Kano ta alkama, wadda ake mannawa a jikin tanderu, ana cin ta da ƙuli-ƙuli. Sunanta daga Larabci ya fito. Gurasar da muke karantawa a Littafi Mai Tsarki ma mai faɗi ce, da hannu ake gutsura ta. A Ezekiyel 4:9 an umarci annabin ya haɗa alkama da sha'ir da wake da gero da wasu hatsi, ya yi abincin lokacin tsanani. Ashe haɗa hatsi da wake ba yau aka fara ba. Al'ummai da yawa da gurasar kasko suke rayuwa kullum. Ga uku da za mu iya koya daga gare su.

1. Gurasar Gero Irin Ta Indiya

Masana sun gano cewa a yankinmu na Sahel aka fara noman gero, fiye da shekara 4,000 da suka wuce, daga baya ya kai Indiya. A jihohin Rajastan da Gujarat manoma suna gasa shi, suna kiransa "bajra roti". Indiya ce ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa 2023 suna shekarar gero da danginsa.

Alkama tana da danƙo, gero da dawa ba su da shi. Ranar da na fara gwadawa a gaban mata a wani ƙauye na Kebbe, da ruwan randa na kwaɓa. Ina ɗagawa sai ta ruguje a hannuna, mata suka yi ta dariya. Wata uwa ta ce, "Ɗan nan, ko tuwo ka taɓa ganin an tuƙa da ruwan sanyi?" Gaskiyarta. Ruwan zafi ne yake sa garin ya kama jikinsa.

Yadda ake yi:
a) A tankaɗe garin gero ko na dawa mai laushi, gwangwanin madara 4, a sa ɗan gishiri.
b) A zuba tafasasshen ruwa kaɗan-kaɗan, kimanin gwangwani 3, ana juyawa da muciya.
c) A rufe ya sha iska, sa'an nan a murza da hannu har ya yi santsi.
d) A cura kamar ƙwallon fura. A barbaɗa gari a faifai, a riƙa buga curin da tafin hannu ana juya shi har ya yi faɗi.
e) A ɗora a kasko mai zafi, a shafa ɗan ruwa a samansa. In ruwan ya bushe a juya. Ɗigon ƙuna nan da can alamar nuna ce.

2. Kisira Ta Sudan

Dattawan da suka bi hanyar Sudan ta ƙasa sun san kisira. Da dawa ake yin ta, 'yar'uwar sinasir ce, sai dai ta fi shi sirantaka. Mutanen Habasha suna da irinta, injera, wadda suke yi da wani ɗan mitsitsin hatsi mai kama da acca.

a) A dama garin dawa gwangwani 2 da ruwa gwangwani 3, a zuba ludayi ɗaya na ƙullun jiya mai tsami, ko ɗan nono.
b) A rufe ya kwana. In ya yi kumfa da ƙanshin tsami, ya yi.
c) A ƙara ruwa ya tsinke kamar kunu marar kauri.
d) A goge kasko mai faɗi ko farantin ƙarfe da tsumma mai ɗan man gyaɗa, a zuba ludayi ɗaya, a baza da mara da sauri.
e) Ba a juya ta. Kafin minti ɗaya bakinta zai ɗago, sai a ɓanɓare.

Tana tafiya da miyar kuɓewa, kuka ko taushe. Tsamin nan ba don daɗi kaɗai ba ne, yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini daga hatsin.

3. Gurasar Masara Irin Ta Meziko

A Meziko aka fara noman masara. Tun zamanin dā mutanen can ba sa niƙa ta sai sun dafa ta da farar ƙasa ta musamman ko da toka. Wannan yana sakin wani bitamin da yake ɗaure a cikin ƙwayar. Inda mutane suka dogara ga masara tsura, ba wake ba gyaɗa, akan sami cutar felagira: fata ta yi baƙi da kaushi a wuraren da rana ke duka, ga zawo, ga rikicewar tunani.

a) A tace ruwan toka kamar yadda muke yi domin miya.
b) A dafa mudun masara a ciki har ɓawon ya riƙa saluɓewa in an murza tsakanin yatsu.
c) A sauke, a bar ta ta kwana a ruwan.
d) Da safe a wanke sau uku ko huɗu ana cuɗawa, a markaɗa da kauri, ba ruwa da yawa.
e) A cura, a danne tsakanin leda biyu masu tsabta da gindin kwano, a gasa gefe biyu.

Kada A Manta Da Wake

Hatsi kaɗai yana cika ciki, amma bai isa gina jikin yaro ba. Abin da ya rasa, wake yana da shi. A soya wake ko waken suya sama-sama har ya yi ƙanshi, a ɓarza, a sheƙe, a niƙa. A kowane gwangwani 3 na garin hatsi a sa gwangwani 1 na garin wake.

Gargaɗi

• Tokar itace ko ta kara kaɗai za a yi amfani da ita, ban da ta bola inda aka ƙona leda da batir.
• Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar. Dafinta yana lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe shi.
• Garin gero ba ya jimawa, yana yin ɗaci. A niƙa na kwana biyu ko uku.
• A naɗe gurasar a tsumma mai tsabta, a ci a ranar.
• Jariri da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai. Ƙananan yara kuma a jiƙa musu da miya.

Tambayoyi Don Tattaunawa

1. Nawa gidanku ya kashe wa burodi da cincin a makon jiya? Mudu nawa na gero kuɗin zai saya?
2. Me ya sa ake kwaɓa garin gero da ruwan zafi?
3. Wane gida ne a cikinmu, ko cikin maƙwabta, yara suke fita ba karin kumallo? Me za mu yi?

Aikin Gida

Kowace ƙungiya ta zaɓi iri ɗaya ta gwada a wannan mako, ta kawo taro na gaba a ɗanɗana. In ta farko ta karye, kada a karaya, tawa ma ta karye. A kira yara mata da maza su koya, a kuma aika wa maƙwabta ɗanɗano. Ubangiji ya sa albarka a rumbunanmu da aikin hannuwanmu. Amin.