Ya Koma Gona, Shin Ya Warke Ke Nan?

Tambaya: Yayana yana da ciwon taɓin hankali da likitoci ke kira sikizofireniya. Yanzu ya daina jin muryoyi, har ya koma noman shinkafa a Kadawa. Mahaifiyarmu ta ce ya warke, a daina magani a yi masa aure. Mene ne shawararku? Daga wata 'yar'uwa a Bunkure.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. Na fahimci Inna. Ta ga ɗanta yana sammako ya buɗe ruwa a fadamarsa, yana cin tuwo da mutane, yana zuwa masallaci. Wannan samun sauƙi ne na gaske, ku gode wa Allah.

Amma maganin ne ke riƙe da wannan sauƙin. Yawancin waɗanda suka yanke shi kwatsam, ciwon yakan dawo musu, wani lokaci bayan watanni, a daidai lokacin da gida ya saki jiki. Kun tambayi yayan naki yadda yake ji da maganin kuwa? Sau da yawa mai ciwon yakan gaji da yawan barci ko taurin jiki da ƙwayoyin ke sa shi, ya kasa faɗa. Ku raka shi Asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano, likita zai iya rage masa, ya canza, ko ya mayar da shi kan allurar wata-wata. Addu'a kuma a ci gaba da ita.

Aure ba laifi, muddin an sanar da yarinyar da zai aura da iyayenta gaskiya. In kuka ga barcinsa ya ɗauke ko ya fara zargin mutane, kada ku jira a gama girbi, ku kai shi asibiti.